GUZURIN ƊALIBI: HAƘƘIN ƊA A KAN IYAYE KAFIN YA TARE A JAMI'A

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya 'ya'ya su zama amana a hannun iyaye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a kowace shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, gidaje da yawa kan cika da murna. Uba ya shiga kasuwa ya sayo akwati da katifa da bokiti da risho da gidan sauro. Uwa kuwa ta kwana tana dakan yaji, tana toya ƙuli-ƙuli, tana ƙunshe gari da man gyaɗa. Duk wannan daidai ne, kuma akwai lada a cikinsa ga wanda ya kyautata niyya. To, amma akwai wani guzuri da akwati ba ya ɗauka, wanda sau da yawa ba a tuna da shi sai mota ta tashi, watau sanin abin da yaro zai tsayar da addininsa da shi a wurin da babu mai tsayar masa.

BAMBANCIN JIYA DA YAU

Tura ɗa neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya bar gida ya tafi Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Sai dai a al'adar da, uba yakan kama hannun ɗansa ne ya sa a hannun malami, malamin ya san kwanansa da tashinsa. Ko a makarantun kwana na sakandare, akwai ƙararrawa, akwai shugaban ɗaki, akwai malamin da ke zagayawa da dare.

Jami'a kuwa ba haka tsarinta yake ba. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, aka kafa ta Sakkwato da ta Maiduguri a 1975, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta tsaya da ƙafarta a 1977, tsarin guda ne: ɗalibi babba ne, shi ke da alhakin kansa. Za a ba shi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, a karanta masa dokoki, shi ke nan. Babu wanda aka ɗauka aiki don ya tashe shi da Asuba, babu mai tambayarsa inda ya kwana. Saboda haka uban da ya kai ɗansa jami'a bai miƙa amanarsa ga kowa ba, tana nan a wuyansa. Allah Ya umurci muminai a aya ta 6 cikin Suratut Tahrimi da su tsare kansu da iyalansu daga wuta, kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa kowane mutum makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Nisan gari ba ya sauke wannan tambaya.

FARILLAN AINIHI

Mafi yawan masu shiga jami'a sun riga sun balaga, alƙalami ya hau kansu. Littafin Ahalari, wanda ɗalibai ke farawa da shi a zaurukan malamai, ya soma ne da bayanin cewa abu na farko da ya wajaba a kan baligi shi ne gyara imaninsa, sannan sanin abin da zai inganta farillan da ke kansa, kamar hukunce-hukuncen tsarki da salla da azumi. Ya kamata uba ya zaunar da ɗansa makonni kafin tafiya, ya saurari alwalarsa da karatun sallarsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan shi uban bai da sani, to, ya kai shi ga malami. Ga wasu mas'aloli da ɗalibi zai ci karo da su tun a makon farko.

Ta farko, ƙasaru. A mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru ne a tafiyar da ta kai mil 48, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da 'yan kai. Yaron da ya tashi daga Kano zuwa Zariya yana da damar yin ƙasaru a hanya, domin tsakaninsu ya haura kilomita 100. Amma niyyar zaman kwana 4 cikakku tana yanke hukuncin tafiya. Ɗalibin da ya san zai yi watanni a makaranta, da isarsa ya zama mazauni, tilas ya cika salla raka'a huɗu, kuma Jumma'a ta wajaba a kansa in namiji ne.

Ta biyu, lokutan salla. Jadawalin darussa yakan ci karo da Azahar ko La'asar. Kowace salla tana da lokacin zaɓi da lokacin larura. Lokacin zaɓi na Azahar yana farawa daga gushewar rana daga tsaka har inuwar kowane abu ta yi daidai da tsawonsa, ban da inuwar da ke nan tun lokacin gushewar. Wanda ya jinkirta salla zuwa lokacin larura ba tare da uzuri na shari'a ba, sallarsa ta yi, amma yana da zunubi. Ɗalibin da ya san wannan zai riƙa shiga aji da alwala, ya nemi 'yan mintoci tsakanin darasi da darasi.

Ta uku, ruwa. Yankewar ruwa abu ne sananne a ɗakunan kwanan ɗalibai, ga kuma sanyin hunturu. Saurayin da ya wayi gari da janaba ya san farillan wanka, ya san kuma yaushe taimama ke halatta, watau idan an rasa ruwa ko ana tsoron cutarwa daga amfani da shi. Ƙyuya da jin sanyi kawai ba uzuri ba ne. A Malikiyya ba a yin taimama sai lokacin salla ya shiga, kuma ba a yin farilla biyu da taimama ɗaya.

Ta huɗu ta shafi 'ya mace, kuma nauyinta yana kan uwa. Ta tabbatar 'yarta ta san hukuncin haila: mafi yawan kwanakinta 15 ne ga wadda ta fara, mai al'ada sananniya kuwa idan jini ya zarce sai ta ƙara kwana 3 a kan al'adarta muddin ba za ta wuce 15 ba, daga nan ta yi wanka ta ci gaba da salla. Ta san kuma ana rama azumi, ba a rama salla. Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin waɗannan hukunce-hukunce. Kunya a nan ba ta da muhalli.

HAƘƘIN ABOKIN ƊAKI

Yaron da ya saba da ɗakin uwarsa zai tsinci kansa tare da mutum huɗu, ko shida, ko fiye, waɗanda bai zaɓa ba. Wani daga Binuwai, wani daga Ilori, wani Musulmi, wani Kirista. Hausawa kan ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i ta jera waɗanda ake kyautata wa, a cikinsu har da maƙwabci na kusa, da maƙwabci na nesa, da abokin da ke gefen mutum. Babu wanda ya fi cancantar wannan suna kamar wanda gadonsa ke jikin gadon ɗalibi.

Iyaye su koya masa cewa sabulun abokin zama, da cokalinsa, da cajar wayarsa, dukiyarsa ce, ba ta halatta sai da yardarsa. Kada ya buɗe akwatin wani, kada ya leƙa wayar wani, domin aya ta 12 cikin Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane da cin namansu. Kada ya kunna rediyo ko ya ɗaga murya, ko da karatun Alƙur'ani ne, alhali wasu suna barci ko nazari. Ya tsare al'aurarsa a ɗaki da wurin wanka. Wanda ba Musulmi ba kuwa, aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana ta nuna ba a hana kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙi Musulmi saboda addini ba. Ɗalibi ya yi sallarsa, ya biya bashinsa, ya share inda ya ɓata, ya bar gardamar addini da ba shi da ilminta.

Abokin ɗaki ƙaddara ce, aboki na shawara kuwa zaɓi ne. Hadisin Abu Musal Ash'ari ya kamanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuma da mai zuga wutar maƙera, wanda ko bai ƙona wa mutum tufa ba zai shafa masa wari. Malam Zarnuji ma ya yi dogon bayani a kan zaɓen aboki a cikin Ta'alimul Muta'allimi. Uba ya ambaci haɗurran da sunayensu ba tare da kewaye-kewaye ba: ƙungiyoyin asiri, ƙwayoyi, caca ta wayar hannu, satar jarrabawa, da zina. Shan maganin tari mai kodin ya yi ƙamari a tsakanin matasa har gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Wanda ba a faɗa masa a gida ba, a ɗaki zai fara ji, daga bakin mai tallarsa.

A jami'o'i akwai masallatai, akwai kuma Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko a 1954. Yaro ya lizimci jam'i da darussan masallaci. Sai dai a gargaɗe shi game da duk mai kiransa ya kafirta iyayensa, ko ya raina malaman garinsu, ko ya watsar da karatun da aka turo shi yi.

CIYARWA

Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta bayyana cewa ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga yana mai iya nema, ita kuwa 'ya mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Wannan hukunci ya isa ya tsoratar da uban da ke kai 'yarsa makaranta ya manta da ita wata biyu ba aike. Zamanin da ɗalibi ke cin abinci da tikiti mai rahusa a ɗakin cin abinci na jami'a ya wuce, yanzu kowa da tukunyarsa ko aljihunsa. Yunwa kuwa ƙofa ce da miyagu ke shiga ta cikinta. Namijin ma, tun da uba ne ya zaɓa masa hanyar karatu, ya kamata ya cika masa alkawari gwargwadon hali.

A wani ɓangaren, yawan kuɗi a hannun yaro shi ma fitina ne. Aya ta 67 cikin Suratul Furƙani ta yabi waɗanda ke tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Uba ya yanka abin da zai iya, ya faɗa wa yaro adadinsa da ranar zuwansa, ya tabbatar kuma daga halal ya fito. Uwar da ta ga 'yarta ta dawo hutu da waya ko sutura wadda ta fi ƙarfin abin da ake aika mata, lalle ta tambaya.

RANAR TAFIYA DA BAYANTA

Alƙali Iyal ya kawo labarin mahaifiyar Imamu Malik, cewa ita ce ta sa masa tufafin ɗalibai, ta naɗa masa rawani, ta tura shi wurin Malam Rabi'a, ta umurce shi ya koyi ladabin malamin kafin ilminsa. A Suratu Luƙmana, daga aya ta 13 zuwa ta 19, an ga yadda uba ya jera wa ɗansa wasiyya: ya fara da nisantar shirka, ya tuna masa cewa Allah Yana sane da aiki komai ƙanƙantarsa da ɓoyuwarsa, sannan salla, da haƙuri, da barin girman kai, har da sassauta murya. Wannan tsari ya ishi kowane uba a daren tafiya. Annabi Yaƙubu kuma, a aya ta 67 cikin Suratu Yusufa, ya umurci 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi dabam-dabam, sannan ya maida al'amari ga Allah. Watau a yi dabara, a kuma dogara.

Yana daga cikin dabara uba ya raka ɗansa da ƙafarsa, musamman 'ya mace, ko ya haɗa ta da muharraminta. Ya ga ɗakin, ya gaisa da abokan zama, ya san masallacin da ke kusa. Ya nemi wani dattijo amintacce a garin, ɗan'uwa ko malami, wanda yaro zai riƙa kai wa gaisuwa, wanda za a iya nema idan ciwo ya taso da dare. Idan an kira waya, kada tambaya ta tsaya a kan kuɗi da jarrabawa, a tambayi salla, a tambayi sunayen abokai. A kuma bar ƙofa a buɗe, yadda yaron da ya yi kuskure zai fi tsoron ɓoyewa a kan faɗa. Yawan zargi ba tare da dalili ba yana koya wa ɗa ƙarya.

Daga ƙarshe, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya lissafa addu'ar mahaifi da ta matafiyi cikin addu'o'in da ake karɓa. A ranar rabuwa an haɗa biyun a ƙofar gida guda. Iyaye su yafe wa yaro abin da ya yi musu, su sa masa albarka da bakinsu yana ji, su ba Allah ajiyar addininsa da amanarsa, domin abin da aka ba Allah ajiya ba ya tozarta.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya haɗa su da abokan kirki, Ya maido su ga iyayensu lafiya da addininsu. Allah Shi ne Mafi sani.