Darasi: Hatsarin Mota a Manyan Hanyoyin Ingila, Hakkin Wanda Aka Raunata da Iyakarsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasan zango, da yawanmu a nan Landan a kan hanya muke cin abinci. Wani tasi yake ja, wani saƙo yake kaiwa, wani kuma kowane ƙarshen mako yana kan M1 ko M40 zuwa suna ko ɗaurin aure a Bamingham da Manchesta. A shekarar 2023 kaɗai, mutum 1,624 ne suka rasu a hanyoyin Birtaniya, waɗanda suka ji rauni kuwa sun haura dubu ɗari. Idan abin ya faru, mutanenmu sukan rabu gida biyu. Wasu su ce ƙaddara ce, su bar hakkinsu saboda kunya, su kwanta wata shida babu aiki babu kuɗin haya. Wasu kuma su ga banza ta faɗi, su ƙara ciwon da ba su ji ba. Duka biyun kuskure ne. Abin da darasin nan yake koyarwa shi ne: ka karɓi abin da yake naka, kada ka ƙara ko kwabo. Dokokin da za mu ambata na Ingila da Wales ne.

1. Kalmomi uku daga fiƙihu

Kalma ta farko ita ce khaɗa'u, wato kuskure: mutum ya jawo rauni ko mutuwa ba da nufi ba. Galibin hatsarin mota a nan yake shiga. Ta biyu ita ce diyya, dukiyar da ake biya saboda rai ko wata gaɓa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci, sai dai in sun yafe, da kuma kaffara, wadda a yau take komawa ga azumin wata biyu a jere. A littattafan Malikiyya da muka karanta a makarantun zaure na Nima da Kumasi, cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000.

Kalma ta uku ita ce aƙila, wato dangin mutum ta wajen uba, waɗanda suke haɗuwa su biya diyyar kuskurensa cikin shekara uku. Ku lura da hikimar da ke ciki. Shari'a ba ta so wanda aka raunata ya tashi a tutar babu, ba ta kuma so kuskure guda ya karya mutum ɗaya, sai ta raba nauyin a kan jama'a.

A 1993, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Brunei, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana da lamunin ɓarnar da ya jawo, sai in abin ya fi ƙarfinsa, ko laifin na wanda aka buge ne, ko na wani daban. Don haka imani da ƙaddara bai kawar da lamuni ba.

2. Wa yake biya a Ingila?

Tun 1930 doka ta tilasta wa kowane direba ya yanki inshorar da za ta biya mutanen da ya raunata, kuma a yau Dokar Hanya ta 1988 ce take riƙe da wannan. Malamai sun yi saɓani a kan inshorar kasuwanci, amma da yawa daga malaman wannan zamani sun halatta wadda hukuma ta tilasta, sun kuma halatta wa wanda aka raunata ya karɓi diyyarsa daga kamfanin mai laifi.

A nan ne kunya take cutar da mu. Misali, matashi yana zaune a motar abokinsa, abokin ya yi gyangyaɗi ya daki ƙarfen gefen hanya, matashin ya karye a cinya. Sai ya ce, "Yaya zan kai ɗan'uwana ƙara?" Ya kai ɗan'uwa, kamfanin inshora ne zai biya, ba aljihun abokinka ba. Don irin wannan rana aka yanki inshorar.

Idan kuma direban ba shi da inshora, ko ya buge ka ya gudu, akwai hukumar da ake kira Motor Insurers' Bureau, MIB a taƙaice, wadda aka kafa a 1946 don biyan irin waɗannan mutane. Sai dai tana iya hana fasinjan da ya shiga mota alhali ya san ba ta da inshora. Masu kai saƙo da masu tasi kuma su sani, inshorar zirga-zirgar gida ba ta ɗaukar aikin haya. Tuƙi ba tare da inshorar da ta dace ba yana jawo tarar fam 300 da maki 6 a kan lasin, 'yan sanda kuma suna iya ƙwace motar.

3. Abin yi a wurin hatsari

Rai ne farko. A babbar hanya irin M25, in mota tana motsi ka kai ta gefen hagu, ka kunna fitilun gargaɗi, kowa ya fita ta ƙofar hagu ya tsaya bayan shingen ƙarfe. In ta mutu a tsakiyar layi babu halin fita, a zauna da bel a ɗaure a buga 999.

Doka ta wajabta wa direba ya tsaya ya ba da sunansa da adireshinsa da lambar mota. In bai ba da ba, dole ya kai rahoto ga 'yan sanda da gaggawa, kada ya wuce awa 24. Ka ɗauki hoton motoci da hanya, ka karɓi lambar wayar shaidu, ka sanar da kamfanin inshorarka. Kada ka tsaya gardamar wa ke da laifi a bakin titi. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Sannan ka je asibiti ko wurin likitanka ko da kana jin ka warke, domin targaɗen wuya yakan bayyana washegari. Ka ajiye rasiɗin magani da na mota, da takardun albashin da ka rasa.

4. Wa'adi da hanyar nema

Dokar wa'adi ta 1980 ta ba baligi shekara uku daga ranar hatsari ya shigar da ƙara kotu. In ya wuce, sau da yawa hakkin ya tafi. Yaro kuwa wa'adinsa ba ya fara lissafi sai ya cika shekara 18, amma iyayensa suna iya nema masa tun yana ƙarami, alƙali ya duba yarjejeniyar, a ajiye masa kuɗin har ya girma.

Hanyar nema iri biyu ce. Daga ranar 31 ga Mayu, 2021, baligin da yake cikin mota, direba ko fasinja, wanda ƙimar rauninsa ba ta wuce fam 5,000 ba, jimillar abin da yake nema kuma ba ta wuce fam 10,000 ba, zai bi ta shafin intanet na gwamnati mai suna Official Injury Claim. Yana iya yi da kansa, kuma galibi ba a mayar masa da kuɗin lauya. An tsara farashin targaɗen wuya da baya gwargwadon daɗewarsa: a 2021 ya fara daga fam 240 ga ciwon da bai wuce wata uku ba, zuwa fam 4,215 ga na shekara biyu, aka kuma ɗan ƙara a 2025. Doka ta hana a daidaita a kan irin wannan ciwo ba tare da rahoton likita ba. Masu tafiya a ƙasa, da masu keke da babur, da yara, ba sa bin wannan shafi.

Rauni mai tsanani kuwa, kamar karaya ko bugun kai ko laka, sai da lauya. Tun shekarar 2000 gwamnati ta daina biya wa mutane kuɗin lauya a galibin ƙararrakin rauni. Abin da ya yawaita shi ne yarjejeniyar in ba a ci ba, ba a biya. In an ci, tun 2013, lauya yana iya cire ladansa daga diyyarka, amma bai wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin raɗaɗi da asarar da ta riga ta wuce ba. Ka tambayi wannan tun ranar farko, a rubuce. Ka duba sunan lauyan a rajistar hukumar lauyoyi ta SRA, ka nemi shawara kyauta a ofishin Citizens Advice, ka kuma duba ko inshorarka ko ƙungiyar ƙwadagonka tana ɗaukar kuɗin shari'a. Wanda ya bugo maka waya haka kawai yana cewa ya ji ka yi hatsari, ka kashe wayar.

5. Sakacinka yana rage hakkinka

A 1975, a shari'ar Froom da Butcher, alƙali Lord Denning ya kafa ma'aunin da kotuna suke bi har yau: wanda bai ɗaura bel ba, a rage kashi 25 cikin 100 na diyyarsa in bel zai hana raunin gaba ɗaya, ko kashi 15 in zai sassauta shi. Ɗaura bel ya zama dole a kujerar gaba a 1983, ga manya a kujerar baya kuma a 1991. A watan Nuwamba na 1993, ƙaramar bas ɗin wata makaranta da take komawa gida daga Landan da dare ta daki motar aikin hanya a gefen M40, ɗalibai 12 da malamarsu suka rasu, kuma bayan wannan ne aka tilasta sanya bel a ƙananan bas masu ɗaukar yara. Shugabannin ƙungiyoyinmu masu shirya tafiyar wa'azi da ziyara, wannan amana ce a wuyanku: direba ya yi barci isasshe, kowa ya ɗaura.

6. Idan rai ya salwanta

Dokar 1976 ta ba waɗanda mamaci yake ɗauke da nauyinsu damar neman abin da suka rasa, har da kuɗin jana'iza. Jerin ya haɗa da mata ko miji, da 'ya'ya, da iyaye, da 'yan'uwa. Shi ya sa yake da kyau mai aika wa mahaifiyarsa kuɗi gida ya riƙa ajiye shaidar aikawa. Akwai kuma kuɗin jaje tsayayye, fam 15,120 ga mutuwar da ta auku daga 1 ga Mayu, 2020, wanda ake ba miji ko mata, ko iyayen yaron da bai kai shekara 18 ba. 'Yan'uwa mata ku lura: auren da aka ɗaura a nan Ingila a gida ko a masallacin da ba shi da rajista, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Matar za ta nema ne a matsayin abokiyar zama, kuma sai ta nuna sun zauna tare shekara biyu kafin rasuwar. A yi rajistar aure tun da lafiya.

Yafiya alheri ce, amma baligi rabonsa kaɗai yake iya yafewa. Kawu ko baffa ba shi da ikon yafe hakkin marayu don a ce shi mai kirki ne. Direban da sakacinsa ya jawo mutuwa kuma ya sani, kamfani ya biya kuɗi, amma bai yi masa azumin kaffara ba. Yadda za a raba kuɗin tsakanin magada, a koma ga malami tare da lauya.

7. Iyakar da ba a tsallakewa

Akwai masu haɗa hatsari da gangan, su taka birki a gaban motar wani don su ci kuɗi. Akwai masu sanya sunan fasinjan da bai shiga motar ba. Akwai mai cewa ba ya iya tafiya, ga shi a Facebook yana buga ƙwallo a Hackney Marshes. Dokar 2015 ta ba kotu ikon korar ƙarar wanda aka kama da ƙarya a tushen magana gaba ɗayanta, har da ɓangaren da yake gaskiya, a kuma ɗora masa kuɗin shari'a. Dokar zamba ta 2006 tana kai mutum ɗaurin da zai iya kai shekara 10. A addini kuma wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, haɗe da shaidar zur. Cewa kamfani ne ba mutum ba, ba hujja ba ce, domin a wuyan sauran direbobi ake ɗora asarar, cikinsu har da baban wani a zango mai jan tasi.

Tambayoyin bita

1. Mene ne aƙila, kuma wace hikima ce ke cikinta?
2. Shekara nawa baligi yake da su don shigar da ƙara, yaro kuma fa?
3. Me ya sa waliyyi ba ya iya yafe hakkin maraya?

A tattauna waɗannan a zaman ƙungiya, a kuma karanta wa iyayenmu da ba sa jin Turanci sosai. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.