Matatar mai ta Damagaram: kyauta daban, haƙƙi daban

Jama'a, karatunmu na yau a kan SORAZ ne, matatar man fetur da ke arewa da birnin Damagaram, kan hanyar Tanut.

A shekarar 2008 gwamnatin Nijar ta ƙulla yarjejeniya da CNPC, kamfanin mai na ƙasar Sin. An buɗe matatar ranar 28 ga Nuwamba 2011. An gina ta don ta tace ganga 20,000 a rana. Ɗanyen man ba a nan ake haƙo shi ba. Daga Agadem, cikin jihar Diffa, yake biyo bututu. Da aka kafa ta, CNPC ke da kashi 60 cikin 100, gwamnati 40.

To, mi talaka zai samu?

In kamfani ya gina rijiya ko aji a ƙauye, wannan kyauta ce. A gode masa. Amma mai kyauta shi ke zaɓen wuri da lokaci. Ran da ya ga dama ya daina, ba inda za a kai ƙara. Shi ya sa tun kafin a buɗe famfo ya kamata mai gari da dattawa su tambaya: in ya lalace, wa zai gyara? Da kuɗin wa? A rubuta amsar a takarda, a ajiye. Ga amfanin karatun da kuke yi.

Haƙƙi kuwa doka ce ta yanka shi. Dokar man fetur ta 2007 ta ce kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen da gwamnati ke karɓa a hannun masu haƙo mai a ba kwamin-kwamin na jihar da ake aikin. Wannan ba roƙo ba ne. Sai dai sau da yawa kuɗin sun daɗe a hanya.

Akwai kuma zancen albashi. Ma'aikata ƴan ƙasa sun sha kukan cewa baƙi sun fi su samu nesa ba kusa ba. A watan Maris 2025 gwamnati ta kori shugabanni uku ƴan Sin na kamfanonin mai, har da na SORAZ. Wannan bambanci na cikin dalilan da ta bayar.

In kun taru da malaminku, ku ƙirga ayyukan da aka yi a garinku. Wanne ne na kamfani, wanne ne na kuɗin haraji?