Shekarar Farko a Jami'a: Lissafin da Ya Kamata Sabon Ɗalibi Ya Sani

Duk shekarar da aka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, gidaje da yawa a ƙasar Haɗejiya sukan cika da murna, kuma murnar tana da dalili. Kafin a kafa jami'ar a 2013 da sunan Jami'ar Jihar Jigawa, a fara karatu a 2014, yaron Auyo ko Bulangu ko Kaugama da ke son digiri sai ya ɗauki jaka ya nufi Kano ko Zariya ko Maiduguri, ko kuwa Dutse bayan an kafa jami'ar tarayya a can a 2011. Yau ga jami'a a ƙofar gida. Sai dai abin da ke damuna, ƙannena, shi ne yawancin waɗanda suke fita da sakamako mai rauni, da waɗanda ake sallama tun ba su gama ba, ba a ajin ƙarshe abin ya same su ba. A zangon farko na aji ɗaya suka yi asarar, lokacin da suke ganin karatu bai ma kankama ba.

Dalilin lissafi ne, kuma ina so ku bi ni a hankali. A jami'a kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ɗalibai ke kira yunit: wani 2, wani 3. Wanda ya ci maki 70 zuwa sama ya samu A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4. Daga 50 zuwa 59 C, darajarta 3. Daga 45 zuwa 49 D, darajarta 2. Daga 40 zuwa 44 E, darajarta 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifiri. Ana ninka darajar da nauyin kwas, a tara na duka kwasa-kwasan, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne GPA. Idan aka haɗa na dukkan zangunan da ka yi tun daga ranar da ka shigo, shi ne CGPA, kuma da shi ake yanke darajar digirinka. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu. Daga 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu. Daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku.

To, a ce ɗalibi ya yi sakaci a aji ɗaya ya tashi da 2.00, a karatun shekara huɗu, kuma a ce nauyin kwasa-kwasan kowace shekara daidai yake. Idan yana son ya fita da 3.50, dole ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Wato kamar B a kowane kwas, shekara uku a jere, alhali kwasa-kwasan aji uku da aji huɗu sun fi na aji ɗaya wuya nesa ba kusa ba. Shi kuwa wanda ya tashi da 4.20 a shekarar farko, ko da ya sauko zuwa 3.30 a sauran shekarun, zai fita da babbar daraja ta biyu. Faɗuwa a kwas kuma cuta biyu take yi. Sifirin ya zauna a cikin lissafinka ke nan, ko da ka sake kwas ɗin ka ci, sannan ga kari-oba, wato maimaicin kwas ɗin, ta hau kan kayan shekara mai zuwa, wani lokaci ma lakcarta ta ci karo da ta sabon kwas. Ga 'yan'uwanku da ke Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, ma'auninsu a kan 4 yake tsayawa, amma hukuncin ɗaya ne: abin da aka shuka a zangon farko shi ake ta girba har ranar fita.

Me ke jawo wannan sakaci? A sakandare akwai mai bin ka. Akwai ƙararrawa, akwai firifet, akwai malamin da zai aika a kira ka. A jami'a babu wanda zai zo hostal ya tashe ka. Malami zai shigo, ya yi lakcarsa ga ɗaruruwan ɗalibai, ya fita. Idan ya yi tes ranar da ba ka nan, ya yi ke nan. Kuma waɗannan tes da asamen su ne maki 30 ko 40 cikin 100 na kwas, gwargwadon tsarin da ake bi. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da 25 a aljihu, da wanda ya shiga da 6, ba jarrabawa ɗaya suke yi ba. Ƙa'idar jami'o'in Najeriya kuma ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin ya cancanci zama jarrabawa. Kada ka dogara da cewa wani malamin ba ya ɗaukar suna. Ranar da zai ɗauka ba zai yi shela ba.

Akwai wata matsala da ta fi shafar ɗaliban wannan yanki, kuma ita ce kusancin gida. Alheri ne, ba na musu. Amma ɗalibin da garinsu ke nan kusa shi ake kira idan za a yi dashen shinkafa a fadama, shi ake kira ranar girbi, shi ake kira ya tayar da injin ban ruwa lokacin noman rani. Ga ɗaurin aure, ga suna, ga gaisuwar rasuwa. Ya tafi ranar Alhamis da niyyar dawowa Asabar, sai Talata ta same shi a gida. Ban ce ka yanke zumunci ba, kuma na san wata gonar ita ce ke biyan kuɗin makarantar. Abin da nake cewa shi ne ka ɗauki jadawalin zangon karatu ka zauna da mahaifinka ko yayanka tun farko, ka nuna musu makonnin da za ka iya zuwa da waɗanda ba za ka iya ba, musamman makonnin tes da wata guda kafin jarrabawa. Iyaye kuma, don Allah, ku ɗauka yaron nan yana Sakkwato. Da can yake, da kun nemi wanda zai yi aikin. Da damina kuma a ƙara lura. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Kafin Hausa da Auyo da Haɗejiya ya san yadda ruwa ke yanke hanya cikin dare ɗaya. Idan jarrabawa ta faɗo a watan Agusta ko Satumba, a cikin makaranta ya kamata ta same ka, ba a ƙetaren ruwa ba.

Sai Turanci. Wannan ita ce cutar da ɗalibanmu suka fi ɓoyewa. Da yawa sun fito daga makarantun da malami ke karanta darasi da Turanci ya yi bayani da Hausa. A jami'a malamai daga sassa daban-daban suke, kuma takardar jarrabawa ba ta jin Hausa. Yaro mai kaifin basira sai ya koma bayan aji ya yi shiru don kada a yi masa dariya, ya haddace handawut kalma da kalma, ranar jarrabawa a juya tambayar kaɗan ya rasa ta inda zai kama. Maganin da na ga yana aiki shi ne ku haɗu ku uku ko huɗu, ba fiye ba. Bayan kowace lakca ɗaya ya yi wa sauran bayanin darasin da Hausa har kowa ya gane, sannan kowa ya rufe littafi ya rubuta abin da ya fahimta da Turancinsa, komai karyewarsa, ku yi musanya ku gyara wa juna. Kwas ɗin GST 111, na sadarwa da Turanci, ɗalibai sukan raina shi don ba na sashensu ba ne. Kada ka bi su; makinsa yana shiga lissafi kamar na kowane kwas, kuma shi ne zai taimake ka a sauran. Ka zauna a layin gaba, ka yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya yi maka dariya yau shi zai zo aron littafinka gobe.

Maganar takardu a taƙaice take, amma mai sakaci da ita yakan yi kuka bayan shekara huɗu. Ka tabbata ka amshi gurbinka a shafin CAPS na hukumar JAMB, ka fitar da takardar shaidarsa, kuma kwas ɗin da ke jikinta shi ne wanda kake karantawa, domin sai sunanka yana cikin kundin JAMB za a tura ka yi wa ƙasa hidima. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a takardar WAEC ko NECO, da ta JAMB, da ta katin ɗan ƙasa. Idan akwai saɓani, yanzu ne lokacin gyara. Rajistar kwasa-kwasai kuma kada ka miƙa wa mai shagon kwamfuta ka tafi shan shayi. Ka tsaya a kansa, ka karanta kafin a tura, ka kai wa kodinetan ajinku ya sa hannu, ka adana kwafi. Kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, ko ka ci 90 ba naka ba ne. Ka san ofishin kodinetan nan tun makon farko, ka karanta littafin jagorar ɗalibai, a nan za ka ga matakin da ake yi wa ɗalibi gargaɗi da wanda ake sallamarsa.

Kuɗi fa? Tun 2024 akwai asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa ake fara biya. Amma bashi ne, ka shige shi da saninka da sanin iyayenka. Akwai kuma hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Jigawa; ka kasa kunne ga sanarwarta. Duk abin da ya shigo hannunka, ka fara cire na abinci da na kwafin takardu, sannan data. Ku haɗa tukunya da abokan ɗaki, shinkafa da wake da garin kwaki da ƙuli-ƙuli daga gida sun fi sauƙi a kan sayen abinci kullum. Caca ta waya kuwa, wadda ake yi a kan wasan ƙwallo, ta cinye kuɗin rajistar ɗalibai da yawa. Kada ka fara, ko da naira 100 ce.

Ka zo da gidan sauro, ka kuma ɗaura shi. Ƙasar fadama ce, ga kachala ga ruwa kwance, zazzaɓin cizon sauro a makon jarrabawa yana iya rushe aikin zango guda. Idan rashin lafiya ya hana ka tes ko jarrabawa, asibitin makaranta za ka je, ka karɓi takarda, ka kai sashenku da wuri. Labarin baki ba ya shiga fayil.

Ƙanwata, ke ma duk wannan naki ne, da ƙari ɗaya. A kowace makaranta kike, idan wani, malami ne ko ɗalibi, ya nemi ya haɗa makinki da mutuncinki, kada ki yi shiru. Ki adana saƙonninsa, ki sanar da gida, ki kai ƙara ofishin kula da al'amuran ɗalibai. Idan matar aure ce ke, ki zauna da maigida a tsara lokacin karatu tun kafin lakcoci su fara.

Wanda tsoron faɗuwa ya kama shi yakan fara tunanin shiga da 'yar takarda ko waya. Kari-oba ana sake ta a ci. Satar amsa kuwa kora take jawowa, kuma doka ta 1999 ta mayar da ita laifin da kotu ke hukuntawa. Don haka, ranar da aka liƙa sakamakon tes ɗinku na farko, ka ɗauki biro ka yi lissafin nan da kanka. Idan ka ga ƙasa da rabi a kowane kwas, ka je wurin malamin a makon nan, kada ka jira jarrabawa.