Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Rabon Kaya a Shafin Intanet

Duk ɗalibin da ya taɓa yin sammako daga Kebbe, ya biya kuɗin mota zuwa Tambuwal don ya duba sakamakon jarrabawa a shagon kwamfuta, ya san irin zullumin da ake shiga idan shafi ya ƙi buɗewa. Sau da yawa mukan ɗora wa mai shago laifi, ko mu ce babu sabis. Amma wani lokaci cutar tana can nesa, inda shafin yake ajiye. A cikin wannan ɗan bayani zan yi ƙoƙari in nuna dalilinta da maganinta.

Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Idan ka buga adireshi, kamar ka yi sallama ne a ƙofarta, ita kuma ta amsa. To, tana da iyakar sallamar da za ta iya amsawa a lokaci guda. Alal misali, hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta tun 2015, kuma ɗalibai fiye da miliyan ɗaya ke zauna mata kowace shekara. Ka ƙaddara rabinsu kawai sun yi sallama a safiya ɗaya. Wace saba ce za ta iya da su ita kaɗai?

Manominmu ya daɗe da sanin amsa. Idan gero ya fi ƙarfin jaki ɗaya, ba ya ƙara masa bulala, sai ya nemo na biyu ya raba musu. Haka masana kwamfuta ke yi, ga kuma yadda ake shirya abin.

Da farko, a tanadi saba biyu ko fiye, a zuba musu shafi iri ɗaya, dukansu kuma su riƙa ɗebo bayani daga rumbu guda, don kada wannan ta ce ka ci, waccan ta ce ka faɗi.

Na biyu, a sa mai rabo a gabansu. Shi ma wani tsarin kwamfuta ne, kamar Nginx wanda Igor Sysoev ya fitar a Rasha a 2004, ko HAProxy na Willy Tarreau, mutumin Faransa. Adireshin shafi wurinsa yake nufa, shi ke tarbar kowane baƙo ya miƙa shi ga saba ɗaya.

Na uku, a zaɓa masa ƙa'idar rabo. Akwai bi da bi, watau na farko ga saba ta ɗaya, na biyu ga ta biyu, har a zagayo. Akwai duba wadda baƙinta suka fi kaɗan a ba ta. Idan kuwa wata ta fi sauran ƙarfi, sai a yanka mata kaso mafi girma, kamar yadda ba a yi wa jaki da raƙumi kaya ɗaya.

Na huɗu, duba lafiya. Bayan kowane 'yan daƙiƙoƙi mai rabo yakan taɓa kowace saba ya ji ko tana numfashi. Wadda ta yi shiru sai ya daina tura mata mutane har ta farfaɗo.

Akwai wurare biyu da ake yin tuntuɓe. Ɗalibin da ke cikin cika fom, idan aka ɗauke shi zuwa wata saba wadda ba ta san shi ba, sai ya koma farko. Saboda haka ko dai a bar shi wurin ta farin, ko a ajiye bayaninsa inda dukansu za su gani. Sa'an nan shi kansa mai rabon yana iya faɗuwa, ya tafi da kowa. Don haka akan ajiye masa mataimaki a shirye, a kuma gwada tsarin duka tun kafin ranar cunkoso.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, idan shafi ya yi nauyi, kada mu yi ta danna shi ba ƙaƙƙautawa, domin kowace dannawa sabuwar sallama ce, ƙarin kaya ne ga wanda ya riga ya gaji. Iyayenmu kuma su yi mana uzuri idan mun dawo hannu sake. Allah ya sa a cikinmu a sami waɗanda za su ƙware a wannan aiki, amin.