Kafin Ka Dasa Ciyawa a Filin Bayan Gida

Idan ka share filin bayan gidanka, kada ka yi gaggawar dashe. Yi ban-ruwa na mako biyu tukuna, aya-aya ta tsiro ka tuge ta har saiwa, don in ta shige cikin ciyawarka ba ta fita da sauƙi.

Ga ƙasarmu ta Arewa, kiri-kiri ta fi dacewa: tana jure rana da tattaki, amma inuwa na kashe ta, saboda haka kada ka kai ta gindin darbejiya. Jira damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni a Kano, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka dasa reshe-reshe da tazarar taƙi guda. Dashen hunturu wahala ce kawai, sai mai rijiyar burtsatse.