Datar Kwana Ɗaya: Abin da Nake Gani a Bencin Gyaran Waya

Ƙorafin da ya fi yawa a rumfata ba fashewar gilashi ba ne, kuma ba batir ba ne. Data ce. Mutum ya saya da safe, kafin azahar ta ƙare, sai ya zo yana rantsuwa: "Malam, wallahi ban taɓa komi ba." Na yarda da shi, domin sau da yawa ba shi ya taɓa ba, wayar ce take ci a bayan idonsa.

Ina gyaran waya da sayar da data a Wurno, ina kuma bin kasuwannin Achida da Goronyo. Akasarin masu zuwa wurina ba sa iya sayen datar wata. Ta kwana ɗaya suke saya, wadda in lokacinta ya cika ta tafi, ko an gama da ita ko ba a gama ba. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, abin ya ƙara matsewa. Datar irin wannan kamar awon hatsi ce na yini guda: wanda ya bar buhun a buɗe, kaji za su riga shi.

Wani dattijo mai noman albasa daga wajen Rabah ya kawo mini wayarsa. Buƙatarsa ɗaya ce, ya ji farashin buhu daga dillalinsa kafin ya ɗora kaya a mota. Na buɗe inda waya ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, na nuna masa. WhatsApp ce a sama. Yana cikin zauruka da dama, na 'yan uwa, na siyasa, na wa'azi, kuma duk bidiyon da aka turo wayar na sauke shi da kanta, ko ya kalla ko bai kalla ba. Na ce, "Baba, ga ɓarawonka nan." Muka shiga saitin WhatsApp muka kashe saukewa ta kai tsaye, ta hoto da bidiyo duka. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai mega ɗaya ba, bidiyo guda kuwa yana iya lashe abin da zai isa muryoyi masu yawa.

Bayan wannan akwai Play Store da ke sabunta manhajoji ba tare da tambaya ba, da bidiyon Facebook da TikTok da ke kunna kansu. Duka ana iya kashe su ko rage su. Facebook Lite ta fi sauƙin ci. In abokinka ya riga ya sauke karatu ko wa'azi, karɓa ta Xender, ba a biya sau biyu. Danna *323# ka ga abin da ya rage maka kafin ka shiga intanet da bayan ka fito.

Amma abin da na fi so a ji ya wuce saiti. Mu a gabashin Sakkwato mun san abin da ya fi ƙarancin data muni. A watan Satumban 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a Zamfara, gwamnatin jihar Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da rufewa a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Masu POS suka tsaya cik. Mutum ya biya kuɗin mota zuwa cikin Sakkwato don kawai ya kira ɗansa ko ya tura kuɗi. A cikin wannan halin ne aka kai hari kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoba, aka kashe mutum sama da 40, Allah Ya jiƙansu. Iyalai da dama sun kwana ba su san halin da nasu ke ciki ba.

A lokacin na ga wanda duk lambobin mutanensa suna cikin hirar WhatsApp, bai ajiye ko ɗaya a waya ba. Na ga ɗalibin da takardar shaidarsa ke cikin imel, ba ya da ita a hannu. Wannan ya tsaya mini a rai, shi ya sa har yau nake nanata wa mutane: kafin ka kunna data, ka san abin da ya kai ka. Aikin farko a fara da shi, kuɗin da za a tura, farashin da za a ji, fom ɗin da za a cike. In an gama a kashe. Kallo ya zo da abin da ya saura.

Ga iyaye kuma, wayar da kuke ba yara da dare ita ke cinye datar safe. Ku duba.

Ɗalibai masu shirin JAMB, manyan fayiloli ku bar su sai datar dare mai rahusa, ku sauke ku adana a cikin waya. Takardar rajista kuwa ku buga ta a takarda, ku rubuta lambarku da ta mutum biyar na gida a littafi.