Mun Kai Kuka, An Yi Shiru

Tambaya: Wata mata a unguwarmu a Funtua tana rainon jarirai a ɗaki guda ba rajista, iyayensu na gona. Mun kai kuka, shiru.

Amsa: 'Yar'uwa, maganar baki iska ke kwashewa. Ku rubuta, ku sa hannu, ku ajiye kwafi. Ku bi ta mai unguwa zuwa sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. In ba motsi, sai Ma'aikatar Harkokin Mata a Katsina. Dokar kare yara ta jihar, ta 2020, na bayanku. Ku faɗi abin da ido ya gani, kamar yawan yara, rijiya a buɗe, murhu kusa da masu rarrafe. Ku nemi a zo a duba, a ba ta wa'adin gyara. Kafin nan, in ɗanki na wurinta, ki janye shi.